Ledar Jini da Auren Ƙanwata

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Rabi ce ta matsa mini in rubuta wannan labari, don rabin abin da ya faru ba ta cikin hayyacinta aka yi shi, ni kuwa da idona na gani. Ta ce in na tashi rubutawa kada in rage laifin kowa, har da nawa. Na ce mata wannan ba sai ta roƙe ni ba, bakin nan nawa tun muna yara aka san shi.

Sunana Hadiza, amma Dije ake ce mini. Ina koyarwa a wata firamare a Kiyawa, can kuma nake aure. Rabi ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, wansa ya ɗauke mu ya riƙe a ƙauyenmu da ke kusa da Aujara. Mu Baffa muke ce masa, mutanen gari kuwa Alaramma, don ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, makarantar allon garin ma a ƙofar gidansa take. Ɗansa Sani shi ne mijin Rabi. Su suka ga juna suka ce suna so, Baffa ya ɗaura. Ni dai ban taɓa ɗaukar Sani da wani nauyi ba. Na goya shi yana yaro, ya girma mutum mai sanyi kamar ruwan randa, wanda in Baffa ya ce da rana dare ne zai ce, "Haka ne, Malam."

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, lokacin cirar gyaɗa, Rabi ta haifi 'yarta ta fari a gida. Shekara ce da kowa ya zama mai ba da fatawa. A tasha, a kasuwa, har a ofishin malamanmu na makaranta, ba ka jin komai sai wannan ya halatta, wancan ya haramta. Ba raini nake yi ba, mu ma mun yi murna. Sai dai tsoron faɗawa haram ya shiga mutane har suka riƙa ganin ta a inda babu ita.

Makon farko jini bai tsaya wa Rabi ba. Inna, matar Baffa, ta ce ai haka jego yake, dattin ciki ne ke fita. Aka ci gaba da wankan ruwan zafi safe da yamma, ana ɗirka mata kunun kanwa. Ranar suna na zo na ga leɓenta ya yi fari fat. Na ce, "Inna, yarinyar nan fa ta yi haske da yawa." Ta ce, "Hasken jego ne, Dije, ke ma kin yi shi." Na ja bakina na ci tuwon suna na koma Kiyawa. Wannan shi ne nawa laifin, na faɗe shi da wuri don kada a ce na ɓoye.

Mako na biyu jiri ya fara ɗibar ta. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta dafa bango, ƙirjinta na bugawa kamar ta yi tsere. Sani ya je kemis a Aujara ya sayo kwalbar maganin ƙarin jini. Maƙwabta suka ce a ba ta zoɓo, wai tunda ja ne zai koma jini. Baffa ya yi mata rubutu ta sha. A mako na uku ƙafafunta suka kumbura, sai wata tsohuwa ta ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami. Aka kira shi ya kafa mata ƙaho a ƙafa biyun da gadon baya. Matar da jini ya kusa ƙare mata, ita aka zauna ana zuƙe wa ɗan abin da ya rage. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Washegari nononta ya ƙafe, sannan aka aiko mini.

Na hau acaɓa da ɗana Habu a baya, lokacin watansa takwas. Na tarar da jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe, ban tsaya gaisuwa ba na ɗauke ta na sa mata nono. Da na fito Baffa ya kira ni zaure.

"Dije, kin shayar da ita?"

"Na shayar, Baffa."

Ya jawo wani tsohon littafi ya rubuta sunan jaririyar da na Habu a bangonsa. Al'adar gidanmu ce wannan. Tun kafin a haife mu an taɓa raba auren ƙanwar Baffa bayan 'ya'ya huɗu, saboda wasu tsofaffi sun shaida cewa ita da mijin nono ɗaya suka sha. Baffa ya ga yadda ta ƙare rayuwarta cikin baƙin ciki, daga nan duk macen da ta shayar da ɗan wata a danginmu sai ya rubuta. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar auren da shayarwa ta ɓata.

Na ce masa asibiti za mu tafi, Dutse, ba gobe ba, yau. Na shirya wa gardama, amma bai yi ba. Ya sa aka kama ragonsa aka kai kasuwa, maigidana ya samo mana a-kori-kura daga Kiyawa, muka shimfiɗa mata katifa a baya.

Ba zan ambaci sunan asibitin ba, don na ga alheri a cikinsa na kuma ga abin haushi. Tun da muka iso muke layin kati, Rabi na kwance a tabarma a baranda, har aka kira azahar. Mai yankar kati ya tafi salla, ya dawo ya tafi cin abinci. Ina cikin zazzaga masa masifa wata sista ta zo wucewa, 'yar kudu ce, Hausarta da ɗan tsami. Ta tsuguna ta ja fatar idon Rabi ta duba, ta miƙe ta ce, "Wannan ba ta layi ba ce." Ita da kanta ta turo keken marasa lafiya. Har gobe in na yi salla ina yi wa matar nan fatan alheri.

Likitan matashi ne, ba ya son dogon zance. Ya ce ragowar mabiyiya ce ta maƙale a ciki, ita ke jawo zubar jinin, kuma sai an yi mata wankin ciki. Amma ba zai taɓa ta ba sai an ƙara mata jini, leda biyu aƙalla, in ba haka ba a kan gadon aikin za ta tafi. Da ya ga shaidar ƙaho a ƙafarta sai ya dube ni kawai ya girgiza kai. Na ce to a sa mata jinin mana, ko nawa ne za mu nema. Abin da ya ce mini har yau yana kunnena. "Malama, jini ba kamfani ke yin sa ba, a jikin mutum kaɗai ake samun sa. Ku kawo mutane."

A nan na san dokar wurin. Asibiti ba ya ajiye jinin kowa da kowa. Kai za ka kawo naka mutumin, a gwada shi, a ɗiba, a sa wa majinyacinka. Firijin ɗakin gwaji leda uku ce a ciki, kowacce da sunan mai ita. Ga shi kuma jinin Rabi irin wanda ba a cika samu ba ne, likita ya ce sunansa O negetif. Aka gwada nawa bai dace ba, ko da ya dace ma sun ce ba sa ɗibar na mai shayarwa. Sista ta ce akwai wani direban babbar mota da ke da irin jinin, yana ba da shi kyauta in ta aika masa, amma ya yi lodi zuwa gabas, ba a san ranar dawowarsa ba. Ta dai aika gidansa.

Washegari maza goma sha biyu suka zo daga ƙauye, mota cike, har na ji daɗi. Da mai gwaji ya ce kafin a ɗibi jinin kowa sai an duba ko yana da ƙanjamau ko ciwon hanta, huɗu suka ce za su zaga, har yau ba su gama zagawar ba. Uku suka ce gyaɗarsu na gona, in aka zuƙe musu jini wa zai cire ta, wai jini in ya fita ba ya dawowa. Biyar suka miƙa hannu, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya dace. A bakin ƙofar asibiti wani mutum ya ja ni gefe ya ce yana da yaran da ke sayarwa. Na gaya wa Sista, ta ce kada in kuskura, masu sayarwar nan wani a wata ɗaya sau biyu ake ɗibar sa, ruwa za mu saya, in ma ba mu sayo cuta ba.

Duk wannan bidiri ba wanda ya tuna da Sani, don tun da muka zo yake zirga-zirgar kemis, yau sirinji, anjima ruwan ƙari, anjima safar hannu. Da la'asar mai gwaji ya ce, "Kai mijin, an gwada ka kuwa?" Aka gwada, jininsa ya dace da nata tsaf. Na yi hamdala da ƙarfi har mutane suka juyo. Shi kuwa maimakon ya kwanta a ɗiba, sai ya ce bari ya sanar da Malam tukuna.

Baffa na zaune a kan buzunsa a ƙarshen baranda, mutanen ƙauyenmu kewaye da shi. Sani ya tsuguna ya faɗa masa. Baffa ya tsayar da jan carbinsa.

"Dakata, Sani. Nono daga ina yake samuwa a jikin mace?"

"Daga jini, Malam."

"To, ɗan kurɓin nono ya mai da bare ɗan'uwa, ya haramta aure har abada. Ina ga leda guda ta jinin kansa? In jininka ya shiga jikinta ta zama shaƙiƙiyarka. Aure ya ɓaci."

Na ce, "Baffa, ai dama 'yar'uwarsa ce."

Ya ce, "'Yar baffa daban, shaƙiƙiya daban, kin fi kowa sani. Ni na rene ta, Dije. Ba na son ta mutu, ba kuma zan jefa su zaman haram da hannuna ba. A nemo wani."

Idonsa ya kawo ruwa yana faɗar haka, shi ya sa na kasa yi masa irin bakin da na saba yi wa kowa. Na ruga na kira likita. Ya ce shi ba malami ba ne, ba zai shiga fatawa ba. Ya ce gaskiya su ma ba su cika son jinin miji ga matar da za ta sake haihuwa ba, don yakan iya kawo matsala a wani cikin, amma yau ba zaɓi, rai ake magana. Baffa ya riƙe farkon maganar ya bar ƙarshenta. Sani kuwa ya ce, "To, Malam," ya tashi. Na bi shi da kallo, ji nake kamar in shaƙe shi.

Haka muka yi asarar yini guda cur. Maigidana ya koma Kiyawa ya lallaso abokan aikinsa uku daga sakatariya, ba wanda ya dace. Wani ya ce a kai ta Kano, likita ya ce ba za ta kai Wudil ba. Da hantsin rana ta huɗu Rabi ta fara numfashi sama-sama, tafin hannunta ya koma kamar takarda. Na kira sunanta ta buɗe ido ta dube ni, ba ta gane ni ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na fita na sami Sani a bakin famfo yana alwalar walaha. Na ce, "Kai wane irin namiji ne? Maganinta na yawo a jikinka, kana nan kana wanke ƙafa. In ta mutu, da wace fuska za ka kalli 'yar nan in ta girma?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya gama alwalarsa, ya sa takalmi, ya nufi wurin Baffa, na bi shi a baya don ban gama ba.

Ya tsuguna ya ce, "Malam, ban musa maganarka ba, na yarda da ita. In jinina ya shiga jikinta ta haramta gare ni, na ji. Zan bayar. Gara ta zama ƙanwata tana raye."

Baffa ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ce, "Ka san abin da ka faɗa?"

"Na sani, Malam."

"To, ceton rai ya fi. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Ina tsaye aka ɗibi jinin, ina tsaye aka rataya ledar a kan gadonta. Na zauna ina kallon sa yana ɗiga, kafin la'asar numfashinta ya daidaita. Da magariba ta ce, "Yaya, ina 'yata?" Na fita baranda na yi kuka mai isata. Washegari Allah ya dawo da direban nan, ko gida bai zauna ba ya zo ya ba da leda ta biyu. Baffa ya miƙa masa abin goro ya ƙi karɓa, ya sha lemon da Sista ta saya masa ya tafi. Bayan fitarsa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Baffa, wato shi ma direban nan ya zama wanmu ke nan?" Na ga maganar ta zauna masa.

Aka yi wankin ciki lafiya. Mako biyu muka ƙara a asibiti, ina kwana a tabarma a gindin gadonta da yara biyu, sauro na cin rabonsa. Ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa, magani kuwa ko na ciwon kai ne sai ka fita waje ka saya. Amma Rabi ta fara cin tuwo, leɓenta ya yi ja, nononta ya dawo kaɗan-kaɗan. Ranar sallama Baffa ya ce ba za ta koma ɗakinta ba, gidana za ta zauna a Kiyawa har ya bincika maganar.

Duk bayan kwana biyu Sani zai zo a kan kekensa da ƙwai, da hanta, da ganyen zogale. A zaure yake tsayawa ya aiko da gaisuwa, a miƙa masa 'yarsa ya riƙe, ya tafi. Mun ɓoye wa Rabi dalili don kada jikinta ya koma. Sai ta ɗauka ƙyamar ta yake yi saboda ciwon, na same ta tana kuka a ɗaki. Na ga ɓoyon ya fi faɗar illa, na kwashe komai na gaya mata. Ta ce, "Shi ya faɗi haka, a gaban Baffa?" Na ce shi fa. Ranar ta cinye hantar da ya kawo duka.

Baffa ya tafi Kano wurin wani abokin karatunsa da ya yi nisa a fiƙihu, ya kwana uku. Daga tasha gidana ya wuto, ko ruwa bai sha ba ya sa aka kira Rabi da Sani. Ya ce, "Na yi ƙiyasi a inda ba hurumina ba. Nono kaɗai ke haramtawa, shi ma sai ga yaron da ke shekarun shayarwa. Babba ko nonon ya sha bai haramta komai ba, balle jini. Aurenku na nan daram." Ya juya ga Rabi ya ce, "Na ja miki yini guda tsakanin rai da mutuwa. Ki yafe mini." Dattijo mai shekara saba'in yana neman gafarar 'yar da ya rena, ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ranar Juma'a kuma ya tashi a masallacin ƙauye ya maimaita, ya ce a gaban mutane ya yi kuskuren, a gabansu zai gyara.

Shi ya sa nake gaya wa duk mai jego da masu kula da ita, jinin da ya wuce ƙa'ida ba datti ba ne, rai ne ke tsiyaya, kuma wanda ya yi fari ba ƙaho yake bukata ba. Ku san irin jininku tun kuna lafiya. Sani ya ba da leda guda, bayan kwana uku ya shiga gona ya cire gyaɗarsa, ba abin da ya ragu a jikinsa. Ga hukuma kuma ina da ƙorafi. Sista ɗaya ta iya riƙe sunan direba ɗaya a kanta har ya ceci rai, ban ga abin da zai hana asibiti guda ya tara sunayen masu bayarwa don Allah ya ajiye jini tun kafin a kawo majinyaci ba. Rabi ta ƙara haihuwa uku bayan nan, duka a asibiti, duka lafiya.

Saura kwana kaɗan azumi ta koma ɗakinta. Ana loda kayanta a mota na sami Sani yana ɗaure katifa da igiya. Na ce, "Malam Sani," kuma ranar na fara sa masa Malam, "in da Baffa ya dawo ya ce maganar na nan, ya za ka yi?"

Ya ci gaba da ɗaurinsa bai ɗago ba. Ya ce, "Na riga na yi wannan tunanin, Yaya. Da ta gama idda zan samo mata mutumin kirki in aurar da ita da kaina. Sai in riƙa zuwa gaishe ta duk Juma'a, kamar yadda wa yake zuwa gidan ƙanwarsa."

Rabi na tsaye a bayan ƙyaure da 'yarta a kafaɗa, ta ji komai. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, sai na kama ɗaya bakin igiyar na taya shi ja.